Litinin Ɗin Korar Koci

An kori koci da asubar Litinin,
tun motar shara ba ta kwashe gwangwanayen Lahadi ba.
A rediyo na ji, ina kankare ƙanƙara daga gilashin mota.
Wasa huɗu muka ci cikin goma sha bakwai,
to wa zai yi masa kuka?

Shagon Doretha, ƙarfe bakwai.
Tagogi na gumi, tafki ya daskare a bayan tsohuwar masana'anta.
Cleotis ya riga kowa zama,
hularsa mai launin kulob ta koɗe
kamar alkawarin mai kulob ɗin.
Ya ce, “A kawo mana dattijo!
Mai furfura, mai tsawa, wanda ya taɓa ɗaga kofi,
wanda in ya yi gyaran murya
ƙato mai kilo ɗari da arba'in zai gyara tsayuwa.
Da tsohuwar zuma ake magani.”

Leszek ya ture faranti, ƙwai bai ƙare ba.
“Zumar taka ta zama kwalta.
Gari uku suka sallame shi, mu ne bolar da za a zubar?
Akwai yaron nan na yamma,
shekara talatin da huɗu, kwamfuta a hammata,
ba ya harbar da ƙwallo in saura yadi ɗaya.”
“Yaron da bai fara aski ba?”
“Kai da ka fara, me ka ci?”

Doretha tana zuba kofi, ba ta ɗago ba.
“Kun bar jaki kuna dukan taiki.
Mai jefa ƙwallonmu sau shida ake kwantar da shi kowane wasa,
ya fi sanin launin sama da fuskar abokansa.
An sayar da masu tare masa gaba don a rage albashi,
an ƙara mana kuɗin tikiti.
Koci na bakwai ke nan ina gani daga bayan kantar nan,
mai kulob ɗaya ne.”
Shiru.
Sai Leszek ya ɗaga nasa sama:
“Ga kofin da garin nan ya iya ɗagawa.”
Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ni ban ce komai ba.
Da yamma na bi titin gada zuwa gidan tsofaffi,
ɗaki na goma sha biyu, inda babana, Harlan,
yake kallon talabijin a kashe.
Shekara talatin da ɗaya yana narka ƙarfe,
kujera ɗaya a filin wasa, layi na ashirin, ta bakin iska.
A can ya koya mini zagi,
a can na fara ganin hawayensa sun daskare a gashin baki.
Yanzu sunana yakan ɓace masa,
wani lokaci ni ƙanensa ne, wani lokaci mai gyaran famfo.

Na ce, “Baba, an kori koci.”
Idonsa ya buɗe tar.
“Wannan mai jar hular? Ai ya daɗe!
Sau nawa zan faɗa, a ruga da ƙwallon nan a ƙasa!”
Mai jar hula ya rasu tun ina makaranta.
Na ce, “Shi fa.”
“Wa za su ɗauko?”
“Ana ta gardama.”
Ya kama hannuna, damƙar maƙeri tana nan.
“Kada ka bar kujerar nan, Terrence.
Baɗi tamu ce.”

Terrence.
Wata uku rabon da ya faɗa daidai.

A mota rediyo na cewa dattijon za a ba,
wani ya bugo waya yana ihu daga ƙetaren kogi.
Takardar sabunta tikiti na kan kujera,
kwana tara ina kewaye ta.
Na kunna fitilar ciki,
na shiga laluben biro.