Ruwa a Ramin Fulogi

Ranar Alhamis na wanke injin.
A Braga ne, garin da sama ba ta gajiya da zuba,
amma ni sai da na ƙara nawa ruwan.
Motar yayana ce, Anselmo.
Wata tara tana tsaye ƙarƙashin itacen lemo
tun ranar da muka raka shi makwanci.
Mai saye zai zo daga Barcelos ranar Asabar,
na ce bari ya tarar da ita fes.

Na ɗaga bonet, na saki tiyo mai ƙarfi,
baƙin mai na shekara goma sha ɗaya
ya gangara kwata yana ƙyalli.
Na ji daɗi. Na murza makulli.

Sai ta kama tari.
Sitiyari na kyarma kamar mai masassara,
salansa na warin ɗanyen fetur,
wata fitila ruwan ɗorawa tana ƙifta mini ido.
Na taka totur, ta yunƙura,
ta sake durƙusawa.
Garin neman gira, Firmino, in ji zuciyata,
ban bari ta ƙarasa ba.

Taga ta buɗe a bene na biyu.
Dona Graciete ce, wadda ta yi shekara talatin
tana kwance ƙarƙashin motocin safa na gari.
"Da me ka wanke ta?"
Na nuna tiyon. Ta riƙe haɓa.
"Ƙafa huɗu gare ta, da uku take tafiya.
Kashe."

Ta sauko da silifas,
da na'urar busar da gashi a hammata.
Muka zare kwayil ɗai-ɗai.
Na farko a bushe.
Na biyu a bushe.
Na uku ya fito yana ɗiga,
ramin fulogi cike kamar kofin shayi.
"Kada ka kwance fulogin," ta ce,
"in ka kwance, silinda ce za ta sha."
Ta naɗa tsumma a kan sukudireba,
ta tsane, ta matse, ta sake tsanewa,
ni kuma ina riƙe da iska mai zafi
kamar mai yi wa amarya gyaran kai.
Ta cire soket biyu, ta hura, ta mayar.

Wannan karon sulo ya zauna.
Ta ɗora sulalla a kan injin, bai faɗi ba.

Na hau tudun Bom Jesus don gwaji.
A kwana ta biyu turbo ta yi fito,
doguwar shessheka, ba ƙarfi,
har wani mai keke ya wuce ni yana waige.

Na dawo. Ba ta koma sama ba, tana jira.
Ta zura hannu can ƙasa, inda ido ba ya kai,
ta lalubo tiyon iska, bakinsa a sake.
Kilif ɗinsa ya karye tun ba yau ba.
Abin da ke riƙe da shi ta ciro ta miƙo mini:
tsirkiyar ƙaramar jitarsa,
naɗi uku, an murɗe ta hagu.
Anselmo bahago ne.

Dauɗa ce ta rufa masa asiri,
ni na zo da ruwa na tona.

Na tsaya da wayar a tafin hannu.
Tsatsa ta ci rabinta.
Ban san ranar da ya ɗaura ba,
ko a wace hanya, ko ana ruwa,
ko waƙar da ya fasa kaɗawa daren.

Dona Graciete ta ɗaure sabon kilif.
"Yuro biyu," ta ce, "kuma ka ɗauke tiyon nan daga gabana."

Ranar Asabar wayata ta yi ƙara sau huɗu.
Ina zaune a mazauninsa, inji na numfashi a hankali,
kujerar har yanzu a ja take baya,
daidai tsawon ƙafarsa.