Kuɗin Ruwa

Shekara talatin da ɗaya ina fito a wannan mashigi na Meghna.
Filafilina ya san gurbi da tudun kogin nan
fiye da yadda harshena ya san haƙorana.
Na ƙetare da amare, da buhunan shinkafa,
na ƙetare da gawar mahaifina, ranar babu wanda ya biya.

Wata Laraba Shefali ta kwance bakin zaninta:
taka dubu arba'in, kuɗin awarwaronta na aure.
Ta ce, Nitai, gwamnati na neman rance, gada za ta gina.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Yaushe kogi ya fara roƙon ruwa a wurin tulu?

A banki wani yaro mai tabarau ya miƙo takardar lamuni,
shekara goma, kuɗin ruwa duk bayan wata shida.
Na dangwala babban yatsa.
Kuɗin ruwa wai! Ni da tun ina goye
ban taɓa cin lomar da ba ta kuɗin ruwa ba.

Mofiz mai shayi ya ce na wasa wuƙar yanka kaina.
Ran da gada ta tsaya da ƙafarta,
wa zai waiwayi kwale-kwalenka?
Na hura shayina, ban tanka ba.
Ai yana nan daren da Purnima ke naƙuda,
iska na tumɓuke ayaba, kogi ya ƙi mu,
asibiti na tsallake, muna hangen fitilunsa.
Jikan nan bai yi kukan fari ba.

Yanzu ginshiƙi bakwai sun fito daga ruwa.
Na takwas ya tsaya a ƙugu tun damina,
wasu sun ce siminti ya hau, wasu sun ce an ci.
Rediyo kuwa kullum arziki zai bunƙasa,
kifinmu zai isa Dhaka idonsa bai dushe ba.
An ce da harajinmu za a biya mu,
ashe ni ke bi, ni ake bi.
To, bashi hanji ne, har cikin gwamnati akwai shi.

Da asuba ni ke kai maginan bakin aiki,
taka goma goma, suna gyangyaɗi cikin hulunan kwano.
In na zo gindin na huɗu sai in sassauta,
in ƙwanƙwasa shi da filafili, in kasa kunne,
ko zan ji ƙarar awarwaron Shefali a ciki.