Kwalba Ta Goma Sha Bakwai

Siterni ta kwanta a gefe ranar Talata,
a kwanar da ke gangarawa tabki,
kamar raƙumar da ta ƙi tashi.
Kiyari direba ya fito ta taga,
takalmi ɗaya, jini a goshi.
Bai nemi wayarsa ba, bai duba ƙafarsa ba,
ya ce: taku nawa ne zuwa ruwa?

Tamanin.
Gazuwal ba ya tambayar hanya,
gangare ne ɗan jagoransa.
Manzo mai gadi ya kashe injin famfo,
ya hau dukan tsohon ƙarfen taya
har masu lambu suka yar da guga
suka taho a guje, ba sallama, ba gaisuwa.

Ɗan Damagaram ya san kuɗin bido a bazara.
Ya san layin ƙarfe uku na dare
da famfo mai tari kamar tsoho, ba ko ɗigo.
Shi ya sa ba wanda ya jira takardar meri.
Shebur, dagi, ƙwarya, hannu,
muka yanka rami a gaban baƙin macijin,
muka tare shi da buhunan rairayi.
Mata suka juye ƙaiƙayin gero, ya sha, ya yi nauyi.
Inna Cima ta jawo katifarta ta auduga,
ta ce: ƙasa ma wurin kwana ce,
abin da ba a kwana da shi ƙishirwa.

Duk da haka wani ya silale.
Da asuba muka gan shi a bakin tabki,
shuɗi, kore, ja, yana sheƙi.
Wani yaro ya ce bakan gizo ya faɗo.
Kakarsa ta ja kunnensa:
ai ba banza ake ce masa masha ruwa.

Muka naɗe zana, muka ɗaure da igiyar kaba,
muka kewaye shi kamar akuya mai ɓarna.
Kwana huɗu ana kwashe shi da ludayi
kamar man shanu a ƙwaryar nono.
Kwaɗi tara na ƙirga a kife.
Balbela ɗaya, ƙirji baƙi, ta kasa tashi.
Ƙasar da ta sha shi, amalanke arba'in da uku,
aka shanya ta kan tamfal can nesa,
ana gauraya ta da taki, ana juyawa.

Sai kowa ya koma sabgarsa,
aka bar ni da kwalabe.
Bututu huɗu muka kafa tsakanin titi da tabki.
Kowace Alhamis in zura kwalba da zare,
in rubuta rana, in rubuta zurfi,
in jera su cikin ƙanƙara,
in ɗaure a bayan babur, sai labo a birni.
Inna Cima ba ta yarda da inji ba,
sai ta shinshina kowace kwalba tukuna.
Sau biyu hancinta ya riga takarda,
abin da ban sa ba a rahoton da nake aikawa.

Bututu na uku ne ke hana ni barci.
Lambarsa na sauka, amma saukar hawainiya.
Ƙasa ba ta yafewa, ajiya take yi,
ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.
Ruwan farko zai tono abin da ta ɓoye
ko zai wanke, ban sani ba.
Tun da uwata ta haife ni a garin nan
sai bana gabana ya faɗi
don na ji tsawa.

Yau Kiyari ya zo yana ɗingishi,
ya tsuguna nesa, hula a hannu.
Ya ce: an sha?
Na ce: ana sha, daga wancan ɓangaren.
Nan kam sai na ga takarda.
Na jawo zaren bututu na uku,
kwalbarsa ta goma sha bakwai,
na ɗaga ta ga rana. Garau.
Garau ba shaida ba ce.
Na toshe bakinta, na rubuta Alhamis.
A bayanmu cikin ciyawa kwaɗo ɗaya ya gwada murya,
ya yi shiru, yana jiran mai amsawa.