Shirun Da Na Sayo A Ikeja

Tsohuwar kwamfutata, in wasa ya yi zafi,
gurnani take kamar tirela a hawan gadar Apapa.
Ɗaki ɗaya gare mu a Agege:
gado, tebur, da Zinatu mai wata biyu.
Rumasa'u ta ce, "Tasi'u, zaɓi ɗaya,
ko tirelarka ko barcin 'yarka."

Asabar na hau danfo zuwa Ikeja,
kasuwar da kowa ke jan hannun rigarka,
lasifika na yi wa lasifika tsawa.
Nan na zo cinikin shiru.
Chibuzo ya yi dariya har ya dafa kanta.
"A Legas?"
Na ce, a Legas.

Ya fito da mai sanyayawa na ruwa,
fitilu ja da kore suna zagaye kamar motar biki.
Na kara kunne. Can ciki famfo na 'yar tsuwwa,
irin ta sauron da ke jira a kashe fitila.
Na ce a'a.
Wanda rufinsa ke yoyo da damina
ba ya sayen wani yoyon da kuɗinsa.
Miƙo wancan, hasumiyar ƙarfe mai haƙarƙari,
da fanka mai faɗin tafin hannu biyu.
Ƙaramar fanka gudu take tana ihu.
Babba tafiyar dattijo take, kuma tare suke isa.

A kan akwatin wuta na daɗe.
Akwai wani mara suna, mara nauyi,
na ɗaga shi kamar gwangwanin madarar da aka shanye.
Araha ba ta ado.
Wutar unguwarmu ba ta sallama in za ta shigo,
ba ta ban kwana in za ta fita,
na ga talabijin ɗin maƙwabci yana hayaƙi da idona.
Na yi lissafi a bayan rasit:
katin hoto kaza, ƙwaƙwalwa kaza,
na ƙara sarari a sama,
jakin da ba a cika wa kaya ba, ba ya haki.
Wat ɗari bakwai da hamsin,
wanda fankarsa ke kwanciya in aiki ya yi sauƙi.
Kuɗin ɗinkin sallah ya bi shi.

Madabod kuwa ban duba kyau ba.
Na ƙirga ramukan fanka da ɗan yatsa, huɗu, biyar,
na tambaya ko za ta ba ni linzaminsu,
in ce kowacce ta yi a hankali sai zafi ya kai sittin.
Chibuzo ya rantse mazaunin ƙwaƙwalwar ya dace.
Na ce buɗe kwalin dai.

Bayan isha'i na zauna a tabarma.
Man sanyi, ƙwayar wake ɗaya, ba ƙari.
Noti huɗu, a ɗaure su a gicciye.
Na danna.
Fitila ta kama, ban ji komai ba,
har na zaci gawa na haɗa.

Sai Legas ta shigo ta taga.
Janaretan Iya Risi,
cocin bayan gida da ke kwanan addu'a,
jirgin sama na neman ƙasa ta kan rufinmu,
wani yana jan guga a rijiya.
Zinatu ta buɗe ido
ta tsala kukan da ban taɓa ji ba.

Ashe tun tana ciki gurnanin nan take ji,
shi ne zanen da ke rufe mata gari.

Rumasa'u ba ta ko ɗaga kai ba.
"Mayar mata da abinta."

Ƙarfe ɗayan dare, na shiga saiti,
na kama linzamin da na biya da tsada
na saki kaɗan.
Babbar fanka ta fara huci, ƙasa-ƙasa.
Na ƙara kaɗan.
Hannun yarinyar ya saki bakin zane.

Wasan na nan a allo yana jirana,
ban taɓa shi ba tukuna.