Gishirin da Ya Narke

A rumfar Baba Mutari, bayan Kasuwar Dole,
inda rediyoyi ke kwance ciki a buɗe,
na ga ruwa ya kunna wuta.

Batir huɗu, ƙwan tocila ɗaya,
waya biyu da ya feɗe wa baki
ya tsoma a kofin shayi, ba su taɓa juna ba.

Ruwan sama ne, wanda Cima ta tara a daro.
Ƙwai ya yi shiru.
Ya zuba sukari, ya motsa.
Shiru dai. "Zaƙi ba ya kai saƙo," in ji shi.

Sai ya ɓantaro gishirin Bilma,
ya dafa masa wayoyin, busasshe.
Ko ƙyas.
Ya jefa shi a kofin. Muka jira
har ƙwayar ƙarshe ta ɓace,
sai ga ja-ja a cikin ƙwai,
kamar garwashin da ya kwana a toka.

"A dunƙule, kowa riƙe da ɗan'uwansa,
ba mai motsi. In ya narke
'ya'yansa su watse, wasu gabas, wasu yamma,
kowa da ɗan kayansa a ka."

Tagulla hanya ce, roba katanga.
Ni fa?
Ya kamo hannuna, jiƙe da gumin bazara.
"Lasa." Na lasa. Gishiri.
"To, goge kafin ka taɓa min komai."

Rumfar yanzu ta wani mai cajin salula ce.
Har yau sai na goge hannu a riga
kafin in kunna fitila.