Takalmin Baba Oyewole

A Agege, inda jirgin ƙasa ke tsaga kasuwa biyu,
nan na kafa akwatina, ni Barau ɗan Ilu baduku.
Ruwan Ikko ba ya sallama;
da shi tsohon ya zo, da takalmi a ƙunshe cikin jarida.

Sau-ciki ne, baƙi, ya girme ni.
Ya ce na ubansa ne, akawun tashar Iddo,
ya ce jikarsa za ta yi aure ran Asabar,
kada in sa masa gam.

Na kifa shi bisa gwiwata.
A tafinsa akwai sunan wani gari na Ingila,
tafiya ta cinye rabin haruffan,
sauran kuma ba da ni aka rubuta su ba.
Amma ɗinki ai harshe ne, kuma ina ji.

Na ga garin a tsakanin zare da zare:
kogi, majema, warin kirgi da safe,
mutum guda a ɗan ɗaki yana ɗinki da hasken taga.
Sai yaƙi ya zo neman takalmin soja dubu,
ɗaki ya zama rumfa, rumfa ta haifi bene,
inji ya karɓe basilla,
jiniya ta koya wa mutane lokacin tashi.
Daga baya wataƙila roba ta zo da arha,
kamar yadda ta zo mana,
aka sa kwaɗo a ƙofar da ta ci da layi guda.

Na shinshina fatar cikinsa.
Kakana ya sha faɗa mana jar akuyar Sakkwato
ta nan take bi, a tarago, har bakin teku.
To, ko ke ce?
Kin tafi da ƙamshin bagaruwa,
kin dawo da sunan wasu.

Ban ce masa komai ba.
Na murza zare da kaki, na bi tsoffin ramukan,
ɗaya bayan ɗaya, ban huda sabo ba:
inda hannun wancan ya shiga, nan nawa ya shiga.
Ban san sunansa ba. Ya iya aiki.

Jirgi ya yi kuka, masu tumatir suka janye faifansu.
Tsohon ya zura ƙafa, ya taka sau uku,
ya tsallake kwata
kamar mai shekara ashirin.