Takardar Baladiyya

Da hantsi suka manna ta a ƙofarmu,
a Hindawiyya, lungun da mota ba ta iya juyawa.
Farar takarda, shuɗin hatimi,
Larabcin ofis mai sanyin daɓen asibiti.

Kakata Barmani ta ce, “Karanto, Ukashatu.”
Na karanto, ina juyawa da Hausa, ina rage mata kaifi:
ba a kiwo a unguwar da mutane ke kwana,
ba akuya, ba kaza, ba agwagwa.
Kwana bakwai. In sun wuce, tara.
Ta ce, “To, a ina dabba za ta kwana
in ba kusa da mai ita ba?”

Matakala talatin da ɗaya ne zuwa saman gidanmu.
Can Kyalla take, jar akuya mai farin goshi,
da kaji shida,
da zakara mai ido ɗaya
wanda ke riga ladanin lungu tashi
ko da a daren sallah ne.

Kaka ta rantse Kyalla jinin wata akuya ce
da uwarta ta saya a Sawakin,
shekarar da suka zo da ƙafa daga Haɗeja,
suka ƙetare teku da ita a ƙunshe cikin zane.
Ban gaskata ba. Ban kuma musa ba.

Gaskiya ɗaya ce: akwai wari.
In rana ta take, dutsen Makka ya ɗau zafi,
fitsarin akuya kan bi tagar Abu Rayyan,
mai aikin dare a asibiti,
mai ’yar da ƙirjinta ke fito kamar sarewa.
Shi ya kai ƙara. Mun sani. Ya san mun sani.
Muna dai gaisawa.

Rana ta biyar jami’i ya hawo yana haki,
baƙi kamar mu, sunansa Munzir,
Hausar bakinsa ba ta wuce “sannu” ba.
Kaka ta dube shi tun daga hula har takalmi:
“Ba kai ne ɗan Asabe ta bayan tanki ba?
Da nonon uwarka ya ƙafe,
kakar wannan ce ta rene ka, kofi-kofi.”
Na fassara. Da ma ban fassara ba.
Ya daɗe yana kallon turke,
ya ce, “Doka ce, Hajiya, ba ni ba ne,”
ya zaro biro, ya ƙara mana kwana uku.
Iyakar tsawon hannunsa ke nan.

Ran goma akori-kura ta tsaya a bakin lungu.
Kyalla ta turje a kowace matakala,
sau talatin da ɗaya,
har garken wani Basudane can bayan gari.
Kajin kuwa tukunya ta cinye su,
gida-gida aka rarraba,
har Abu Rayyan sai da aka kai wa cinya biyu.
Ya dawo da kwano cike da dabino, bai ce komai ba.
Zakaran ban san inda ta kai shi ba. Ban tambaya ba.

Yanzu waya ke tashinta da asuba,
takan ce muryar ba ta da jini.
An wanke saman gida, an zuba turare,
yarinyar maƙwabci ta soma barci, an ce.

Amma in ta shafa addu’a
sai in ji gwiwarta tana ƙirga matakala,
busasshiyar gurasa ɗaure a gefen mayafi.
Takan marmasa, ta watsa inda turke yake da,
ta zauna.
Sai tattabarun Makka su sauko, ɗari, fiye da ɗari,
su da babu mahaluƙin da ya isa
ya manna musu takarda.